Gawayin Maijidda

Ko takalmi Maijidda ba ta tsaya sawa ba. Ta iso gona ta tarar da 'ya'yanta, Yazid da Nu'uman, sun shaƙe wuyan juna a kan layin gambar da ta raba gadonsu, suna ambaton kotu. Sha'aban dillali na gefe yana ta salati, amma ko yatsa bai ɗaga ya raba su ba.

Ta san shi sarai. Shekara bakwai ke nan da marigayi mijinta ya tona masa asiri a kasuwar Daura, ranar da ya so cusa wa baƙo sa mai ciwo. Sha'aban ya ƙullace shi. Tun da aka yi rasuwa ya mayar da kansa baffan yaran, yau ya ja wannan gefe, gobe ya bi wancan da goro. Ga shi yanzu gamba ta yi tafiya, ta gabas ta ci gonar Yazid, ta yamma ta ci ta Nu'uman. Tsoro ya kama ta, don ta ga zumunci na shirin mutuwa a gabanta.

"Ku ba ni fartanya," in ji ta.

* * *

Tun ranar rabon gado, bayan maza sun watse, ta binne gawayi a ƙarƙashin iyakar, yadda ta ga mahaifinta na yi. Gamba ana iya tumɓuke ta a dasa wani wuri, gawayi kuwa ko gara ba ta ci.

Da suka miƙo fartanyar, ta yi sara uku ta gabas, baƙi ya bayyana, taku biyar daga gambar. Ta yamma ma haka.

Ta dube su ta ce, "To, wa zai ƙara wa kansa nan ya rage can? Yazid, wa ya ce maka ƙaninka ne ya matsar da gambar?"

"Baffa Sha'aban, Inna. Ya rantse da idonsa ya gani."

Nu'uman ya saki rigar wansa. "Ni ma rantsuwar da ya yi min ke nan."

Suka juya tare suka dubi dillalin. Sha'aban ya tuna wai yana da cinikin shanu a kara, ya tattare babbar riga ya keta ta cikin gero, tafiyar da ta fi kama da gudu.

Daɗi ya cika Maijidda har ta yi dariya. Ta zauna a gindin gawo tana kallon Yazid na haƙa, Nu'uman na mayar da gamba mazauninta.

Takalmin Sha'aban ƙafa ɗaya na nan kwance tsakanin kunyoyi. Har aka yi girbi bai zo ɗauka ba.