Jaket ɗin Auduga a Watan Yuli

Dinatu ba nas ba ce, amma shekarun da ta yi a sashen ido na wani asibiti a kudancin Landan sun nuna mata abin da bai kamata uwa ta gani ba. Ita ke gyara gadaje, ita ke zagayawa da shayi, ita ke riƙe hannun yaro idan za a kwance masa bandeji. Ta ga wanda ƙwallon kurket ta samu, ta ga wanda wasan wuta ya ƙona a watan Nuwamba, ta ga wanda abokinsa ya harba da bindigar iska a bayan gareji ba da gangan ba. Saboda haka ranar da ɗanta Rwang ya tsaya a ƙofar kicin yana murza yatsu, ya ce yana so ya je wasan airsoft, ba ta ma bari ya ƙarasa bayani ba.

"Wasan me?"

Ya amsa da Turanci, kamar kullum. Wasa ne a daji, can wajen Kent. Ana raba yara gida biyu, a ba kowa bindigar roba mai harba ƙananan ƙwayoyi farare kamar waken soya, wanda aka samu ya ɗaga hannu ya fita. Abokinsa Nashiru ya taɓa zuwa, kuma babansa ya ce zai kai su.

"Babu inda za ka," in ji ta, ta juya ga tukunyar gwate da ke kan wuta.

Wannan a bazarar 1998 ne, Rwang yana ɗan shekara sha uku. Yaro ne siriri mai tabarau, ba ya gardama. Ya ce to, ya hau sama. Wannan "to" ɗin ce ta hana ta sakewa. Tun da council, hukumar da ta ba su gida, ta mayar da su unguwar Catford yaron bai yi aboki ba. Ya je makaranta, ya dawo, ya shige ɗaki. Sai a wannan zangon karatun ne ta fara jin wani suna a bakinsa, Nashiru, ɗan wasu mutanen Gana da ke bayan layinsu.

Mijinta Dalyop direban bas ne, mutum mai ƙarancin magana. Da ta gaya masa, sai da ya gama cin abinci ya wanke hannu sannan ya ce, "Maman Rwang, yaushe rabon da yaron nan ya roƙe mu wani abu?"

Ta yi ta lissafi, ta kasa tunawa.

Ranar Asabar baban Nashiru ya zo da kansa. Inusah sunansa, mutumin zangon Kumasi, yana sayar da akwatuna da jakunkuna a kasuwar Whitechapel. Ƙato ne mai fara'a, Hausarsa ta zango ba ruwanta da mace ko namiji.

"Maman Rwang, kar ka ji tsoro," in ji shi. "Ni ma na tsorata farko. Matata ya yi kuka sosai. Amma na je na gani da idona, ba wanda yana shiga sai ya rufe fuska. Ka zo mu je shago ka gani."

Ta bi shi, ita da Rwang, ba don ta yarda ba, sai don ta samu hujjar ƙi. Shagon wani ɗan lungu ne kusa da Charing Cross, yana warin roba da man inji. Mai shagon ya jera musu kaya a kan kanta. Tabarau zalla, ta ture, ta ce haƙori fa? Na raga-raga, ta ture, ta ce ɓarɓashi zai wuce. A ƙarshe ya ɗauko wani baƙin mask mai rufe fuska tun daga goshi har haɓa da kunnuwa, gilashinsa mai kauri, mai faɗin da zai hau kan tabaran Rwang. Ta jujjuya shi, ta danna gilashin da babban yatsa.

"Harbe shi in gani," ta ce.

Mutumin ya dube ta, ya dubi Inusah, sannan ya rataye mask ɗin a bangon baya ya harbe shi. Ƙwayar ta yi tsalle ta faɗi ƙasa. Ta sa ya matso ya sake. Ta kai gilashin bakin taga ta duba shi da haske, babu ko ƙwarzane.

A cikin jirgin ƙasa suna dawowa ta kafa sharuɗɗanta. Bindiga ba za ta shigo mata gida ba, a can za a yi haya a can za a bar ta, don ba ta haifi ɗan da zai riƙa yawo a titin Catford da abu mai kama da bindiga ba. Sai kuma babban sharaɗin. Ta kama haɓar Rwang ta juyo da fuskarsa.

"Dube ni. In ka shiga dajin nan, ba za ka ɗaga abin nan daga fuskarka ba. Ko ƙaiƙayi, ko zafi, ko wa ya ce ka cire. Ka ji?"

"Yes, Mum."

"Da Hausa."

"Na ji, Mama. Na yi alkawari."

Ido ya samu kariya, sai hankalinta ya koma kan sauran jiki. Wuya fa? Haƙarƙari fa, yaron da ba shi da tsoka? Ta ciro tsohuwar jaket ɗin sanyi ta Dalyop, ta farke shafinta, ta zazzage audugar matashi guda ta cusa a ƙirji da baya da hannuwa, ta bi da keken ɗinki layi-layi. Ta ƙara wa wuyan tsawo. Ta haɗa da gyalen ulu da safar hannu ta aikin lambu. Da Rwang ya gwada, hannuwansa suka ƙi sauka jikinsa. Dalyop ya leƙo, ya buɗe baki, ya ga fuskar matarsa, ya rufe.

Inusah ya kama musu gurbi na wata Lahadi a watan Yuli. Dinatu ta fasa zuwa coci ta shiga gaban motar kayansa da kular abinci a cinya. Ranar kuwa aka tashi da irin zafin da Landan kan yi jefi-jefi, babu iska ko kaɗan, tun hantsi kwalta ta fara laushi.

Filin daji ne na dogayen itatuwa, an kewaye bakinsa da raga mai tsawo. A wannan gefen ragar akwai rumfa da benci, nan ne kawai aka yarda mutum ya zauna fuska a buɗe. Sauran yaran riguna masu dogon hannu suka sa. Da Rwang ya fito daga bayan mota sanye da jaket ɗin, wani yaro ya ce wani abu, sauran suka tuntsire. Nashiru bai yi dariya ba, ya je ya tsaya kusa da abokinsa.

Alƙalin wasan, wani Bature mai jan gemu, ya duba mask ɗin ya yaba, sannan ya taɓa jaket ɗin. Ya ce wa Dinatu cikin ladabi yau akwai zafi, riga ɗaya ta isa. Ta ce ta gode, ɗanta ne. Ya dubi Rwang, Rwang ya dubi ƙasa. Aka busa usur, yara suka ɓace cikin itatuwa.

Ta zauna a benci tana jin ƙarar bindigogin, tat-tat-tat kamar ana soya gugguru, da ihun yara. Waɗanda aka samu suna fitowa ɗaya-ɗaya, hannu a sama, suna dariya. Inusah yana ba ta labarin kasuwa, ba ta jin ko kalma. Aka busa usur na tashi, yara suka fito duka suna cire mask suna haki. Ta miƙe tana duba fuskoki. Nashiru ya fito yana waige-waige.

Babu Rwang.

Nashiru ya ce tun farkon wasa suka rabu, ya neme shi bai gan shi ba. Alƙalin ya sa aka tattara bindigogi kaf aka jera a kan tebur, sannan ya nufi ƙofar ragar. Dinatu ta riga shi. Ta kutsa daji da takalmin coci, ƙaya tana kama mata zane, tana kiran sunansa da muryar da ita kanta ba ta gane ba. A ranta kuwa gadajen sashen ido take gani.

A cikin wani ɗan kwari suka same shi, zaune ya jingina da gindin itace, ganye mai ƙaiƙayi kewaye da shi. Hannunsa ɗaya a sama, yana rawa don gajiya. Gilashin mask ɗin ya yi fari fat da gumi daga ciki. Zafin jaket ɗin ya hau fuskarsa, tabarau ya rufe, gilashi ya rufe, ya daina ganin komai, ya yi ta lalube har ya gangara cikin kwarin. Nan ya zauna yana jira.

Alƙalin ya durƙusa ya ce masa an gama, babu bindiga a dajin, ya cire. Yaron ya girgiza kai.

"Mama tana nan?"

"Ga ni," in ji Dinatu.

"Ban cire ba, Mama."

Ta zube a gabansa cikin ganyen. "Na gani. Cire yanzu, ɗana. Ni na ce."

Fuskarsa ta fito jiƙe sharkaf, leɓɓansa sun bushe, idanunsa biyu lafiya lau suna ƙyafƙyaftawa. Ta zuge jaket ɗin ta janye masa. Ta yi nauyi kamar bargon da aka tsamo daga ruwa. Inusah ya ɗauki yaron a kafaɗa har rumfa, aka ba shi ruwa kaɗan-kaɗan, aka jiƙa tawul aka ɗora masa a ƙeya. Dinatu ta zauna tana yi masa fifita da murfin kula. Yaran da suka yi dariya ɗazu suka zagaye su. Alƙalin ya faɗa musu cewa abin da yaron nan ya yi shi ne abin da yake ta koya musu, in ba ka gani, ka zauna ka ɗaga hannu, kada ka taɓa mask.

Da Rwang ya dawo hayyacinsa har ya ci shinkafa, Dinatu ta ce a tafi gida. Bai yi gardama ba, ya fara ɗaure takalmi. Sai dai idonsa yana kan Nashiru da sauran, waɗanda ke shirin zagayen yamma.

Ta daɗe tana kallonsa. Sannan ta tashi ta je wurin alƙalin.

"Abin nan, yaya zafinsa yake a jiki?"

Ya fara kwatanta mata, ta katse shi. Ta ce ba kwatance take so ba, ya harbe ta. Inusah ya ce, "Haba Maman Rwang, ka yi haƙuri mana!" Ba ta saurare shi ba. Ta ɗauki mask ɗin ɗanta, mai ɗumi da warin gumi, ta ɗora kan ɗankwalinta, ta shiga bayan ragar ta tsaya, ta miƙa hannu gefe. Alƙalin ya ja da baya sosai, ya tambaye ta ko ta tabbata, sannan ya saita.

"Wayyo Yesu!"

Kamar harbin rina, zafi mai tsini, ya tashi ya kwanta nan da nan. Ta murza damtsen, ta duba, ɗan jan tabo ne kawai. Yaran suka ɓarke da tafi da sowa, ta jiyo har da muryar Rwang a ciki. Ita ma dariya ta kufce mata a cikin mask ɗin, hawaye na bin ta.

Alƙalin ya ɗauko sabulun wanke kwanuka ya ɗiga a gilashin da tabaran, ya goge da ƙyalle har suka yi ƙal, ya ce hakan na rage gumi. Inusah ya ciro wata rigar Nashiru mai dogon hannu daga mota, ya ba Rwang ya sa. Safar hannun dai Dinatu ta ce a bar masa, yatsa ba shi da nama. Gyalen ta riƙe a hannu tana jujjuyawa, sannan ta cusa shi a jaka.

Ta tsaya a jikin raga har aka tashi. Rwang ya fito da wuri, an same shi a cinya da kafaɗa, yana ɗingishi yana ba Nashiru labari da ƙarfi, hannuwa na yawo a iska. Wani yaro ɗan Lewisham ya tambaye shi ko zai dawo wata mai zuwa. Rwang ya waiwayo ya dubi uwarsa.

"Sai mun ga aikin babanka," in ji ta. "In yana hutu, shi zai kawo ka. Ni coci zan je."

A hanyar dawowa cunkoso ya riƙe su tun kafin Bromley. Yaran biyu suka yi barci a baya a tsakanin akwatunan Inusah, kan ɗaya a kafaɗar ɗaya. Inusah ya sauke gilashin mota, ya miƙa mata goro, ta karɓa ta ɓantara.