Tabarmar Sinalei

Faleafa bai kashe motar ba. Ya sauke gilashi, ya dubi ɗan sandan da ya tare shi a hanyar garin Leone. Iosefa ne sunan yaron, jikan wani da suka yi kamun kifi tare.

"Baba, an bugo mana waya. Wai akwai ƙwaya naɗe cikin tabarma a motarka, an rufe da labule rawaya."

"Wa ya bugo?"

"Bai faɗi suna ba."

"Na yi gudu? Na haye layi? Me ka gani da idonka?"

Iosefa ya leƙa kujerar baya. "Ga labulen nan dai."

"Sayen labule ya zama laifi?"

Faleafa bai wuce aji uku ba, amma 'yarsa Lupe a kotu take aiki. Ta sha gaya masa cewa tsarin mulki bai yarda a tare mutum a bincike shi don muryar da ba ta da suna ba, sai ɗan sanda ya ga wani abu da kansa. Ya maimaita wa Iosefa haka, kalma kalma.

"Kana da ikon ƙi, Baba. Amma sai na kira a kawo kare. Awa biyu ke nan."

Ƙarfe goma za a binne ƙanwarsa Sinalei. Tara ta wuce. Tabarmar kuwa uwarsu ta saƙa ta, shekara uku tana yi, mai laushi kamar yadi, da jan gashin tsuntsu a bakinta. Yayan mamaciya ne ke kawo ta, shi ke yin jawabin ban kwana. Ba a warware ta sai a gaban gawa da dangi.

"A bakin titi? Kare ya sa mata hanci?" in ji Faleafa. "Kakanka da ya ji wannan da ya mare ka da filafilin kwale-kwalensa."

Iosefa ya sunkuyar da kai. Faleafa ya sake duban labulen. Jiya da yamma ya cire shi daga tagar ɗakinsa ya naɗe tabarmar. Mutum ɗaya ne ya gani: Peni, ɗan baffansa, wanda ya daɗe yana cewa shi ya fi dacewa ya yi magana da sunan gidan.

"Kana son ganin cikinta?" in ji Faleafa. "Shiga gabana. Za a buɗe ta a idon mutum ɗari uku. Ka tsaya ka kalla da kyau."

Iosefa ya ja da baya daga tagar. Sai ya koma motarsa ya kunna fitilar sama.

Sun isa goma saura kwata. Peni na tsaye a wurin mai jawabi, sandar da mai magana da sunan gida ke riƙewa a hannunsa, har ya gyara murya. Da ya ga motar 'yan sanda sai ya ɗan yi murmushi. Da ya ga wanda ya fito daga ta biyun, murmushin ya mutu.

Mata huɗu suka kama kusurwoyi suka warware tabarmar. Ba abin da ya faɗo. Iosefa ya cire hularsa.

Faleafa ya je gaban Peni. Ya zare sandar daga hannunsa, ya ɗora masa labulen.

"Riƙe," ya ce. "Kai ka san launinsa."

Sannan ya juya wurin ƙanwarsa ya fara magana.