Ranar da Aka Mayar da Sunan Musaddiq

Ranar da aka share sunan Musaddiq daga jerin lauyoyi bai yi kuka ba, bai zagi kowa ba. Ya koma gidansa a unguwar Sih a Madina, ya ce wa matarsa Zulaiha ta ba shi ruwa, washegari ya nemi aiki a wani shagon dabino kusa da Harami. Shekara biyar yana auna wa alhazai dabinon ajwa. Mutumin da alƙalai ke kasa kunne in ya miƙe, ga shi yana ja-in-ja da hajiyoyin Kano a kan rabin kilo. Jama'a suka riƙa cewa Allah ya zuba wa bawan nan haƙuri. Ba su san shi ba ne. Musaddiq bai yafe ba ko na yini ɗaya.

Abin da ya kayar da shi bai taka kara ya karya ba. Ɗan kawunsa, Abdulfattah, ya ɗauke shi lauya a rigimar gonar dabino ta unguwar Awali, wadda yake ja da yayarsa Mariyamu. Wajen tona takardu Musaddiq ya ci karo da wadda mahaifinsu ya rubuta a gaban shaidu: rijiyar gonar da itatuwa arba'in na gefen gabas kyauta ce ga Mariyamu, tun tsohon yana da rai. Ya ce wa Abdulfattah ya fito da ita. Abdulfattah ya yi murmushi, ya ce to, a bari dattawa su zauna tukuna.

Hausawan Madina kuwa, ko jikokinsu sun fara mantawa da yaren, ba su manta da zaman sulhu ba. In an shimfiɗa darduma an kawo gahawa, babu lauyan wane, kowa ɗan gida ne. Mariyamu ba ta iya rubutu ba. Abdulfattah da bakinsa ya ce, "Musaddiq, rubuta wa Yaya abin da take nema mana, ai duk gida ne." Dattawa suka gyaɗa kai. Wa zai ce a'a a gaban manya? Ya rubuta, har da gyara mata inda ta yi tuntuɓe.

Bayan sati biyu takardar tana gaban kwamitin ladabtarwa, da rubutun hannunsa ɓaro-ɓaro, da ƙorafin cewa yana yi wa ɓangare biyu aiki. 'Yan kwamitin ba su san wani zaman darduma ba, doka suka sani. Dattawan da aka nema su ba da shaida kuwa, wannan ciwon ƙafa ya tashi, wancan ya tafi umara. Aka share shi. Daga ranar, duk abin da zai faɗa kan gonar ya zama maganar korarre mai jin haushi, abin da Abdulfattah ke nema ke nan. Mariyamu ta rasa rijiya, bayan shekara biyu ta rasu a ɗakin haya.

Zulaiha ce ta riƙe gidan. Ta yi girkin biki har hannunta ya yi kanta, kuma ita ta riƙa tuna masa ranar da wa'adi zai cika ya nemi a mayar da shi. Ya nema. Wata Talata da hantsi saƙo ya shigo wayarsa: an mayar da sunansa, lasisinsa ya dawo. Zulaiha ta rangaɗa guɗa har maƙwabta suka leƙo, ta ce Juma'a sai an yanka rago.

Bayan an sauko daga masallaci falo ya cika da maza, mata suna ciki bayan labule. Ana cikin miƙa hannu a farantin shinkafa sai ga Abdulfattah, ba wanda ya gayyace shi, yana ƙamshin turare kamar ango. A walima ba a korar mutum, ya kuma san haka. Ya rungumi Musaddiq, ya ja shi gefe.

"Mabruk, ya ustaz. Rukhsar lauyanci ta dawo, alhamdulillahi. Abin da ya wuce khalas, ya wuce."

"Ya wuce?"

"Ya wuce mana. Kai muhami ne, lauya, ka fi ni sani. Abin da ka gani a takarduna amana ce. Ka buɗe baki, su sake share ka, wannan karon kuma babu dawowa." Ya dafa kafaɗarsa. "Ka ji tausayin Zulaiha, ta wahala."

Musaddiq ya ji ƙiyayyar mutumin nan ta taso masa, ya kuma ji daɗinta, don shekara biyar yana kiwonta. Gaskiya Abdulfattah ya faɗa. Kwafin takardar tsohon yana nan cikin tsohon fayil, kuma ranar da ya ajiye shi gaban alƙali, ranar ya kashe aikinsa da hannunsa. Ya sani tun kafin ya nemi a mayar da shi.

Ya taka zuwa bakin labule ya ɗaga murya.

"Ikram tana nan?"

Ikram 'yar Mariyamu ce, malamar makaranta, mai jin Hausa ta amsa da Larabci. Yau dai ta daure.

"Na'am, Kawu."

"Wakalar da na ce ki yi mini, ta naɗa ni lauyanki, kin yi?"

"Na yi, Kawu. Tun safe. Tana cikin jawwal ɗinka."

Musaddiq ya ciro wayar, ya juyo yadda dattawan za su gan shi da kyau, har da masu ciwon ƙafa da masu umara, ya danna ya karɓa.

"Ku shaida, tunda yau kuna da lafiya. Ni ne lauyan 'yar Mariyamu. Ran Lahadi da an koma aiki zan kai wa mahkama, gaban alƙali, takardar da marigayi Kawu ya rubuta, wadda wannan ya ɓoye." Ya dubi Abdulfattah. "Da ina korarre, in na faɗa za a ce haushi ne. Yanzu sunana yana cikin jeri. Dole su karanta."

Abdulfattah ya yi fari fat. "Ka haukace? Za su gama da kai!"

"Za su gama. Amma sai sun gama da kai tukuna. Zauna ka ci nama, ai duk gida ne."

Bai zauna ba. Ya fita har yana saka takalmin wani. Dattawa suka sunkuyar da kai cikin faranti, kowa yana taunar abin da ya ƙi haɗiyuwa, kafin la'asar falon ya watse.

A kicin ya sami Zulaiha, tana tsaye gaban tukwanen da ba ta taɓa ba. Ta ji komai.

"Abban Asma, gaskiya ne za su sake share ka?"

"Gaskiya ne."

"Har abada?"

"Har abada."

"Kuma ka sani tun ina cika maka takardu?"

Ya ce ya sani.

Ta dube shi. Ba ta ɗaga murya ba, da ta ɗaga da ya fi masa sauƙi.

"Shekara biyar ina tsaye gaban wuta, ina cewa mijina zai koma ofis. Na ɗauka aikinka muke jira, ni da kai. Ashe kai Abdulfattah kake jira." Ta share ido da gefen mayafi. "Mariyamu tana da haƙƙi, ban musa ba. Amma ba don ita kake yi ba, ka san haka. Ka rama a kansa, ka rama a kaina, ni da ban yi maka komai ba."

Maganar ta shige shi, don babu ƙarya a ciki ko ɗaya. Ya ji tausayinta ƙwarai, ya ji kunya, ya laluba cikin ransa ko zai sami abin da zai sa ya fasa. Bai samu ba.

Ran Lahadi da safe ya ɗauki fayil ɗin. Zulaiha ta goge masa farar riga ta ajiye a kan gado, amma ba ta fito ta yi masa Allah ya kiyaye ba. Ya tsaya a bakin ƙofa yana jira, ya ƙara jira, sannan ya ja ƙofar ya tafi kotu.