Kujera Ɗaya a Ajin Yamma

Maman 'Yan Biyu tana aiki a wani babban gidan wanki da ke karɓar zannuwan gadon otal-otal. Aikinta ninki ne. Zani ya fito daga injin guga da zafinsa, ta kama gefe, abokiyar aikinta ta kama gefe, su ninke su tula, tun safe har ƙafafu su kumbura. Mijinta, wanda kowa ke kira Dogo, kwalaye yake ɗauka a wani sito bayan tashar jirgin ƙasa. A ƙasarsu direban tirela ne da ake ji da shi. A nan ƙasar waje da suka zo neman abinci kuwa, ko ƙaramin injin ɗaga kaya ba a barinsa ya hau, don sai da lasisi, lasisin kuma sai an ci jarrabawa a rubuce cikin harshen ƙasar. Su biyun suna jin harshen daidai na gaisuwa da cefane, amma rubutunsa ya gagare su.

A ɗakin karatu na unguwarsu akwai ajin manya da yamma, kyauta. A ɗakin da ke jikinsa wata mai raino tana riƙe yara har a tashi. Ita da Dogo tare suke zuwa, su miƙa 'yan biyunsu, su zauna a benci ɗaya. Ita kam kanta yana ja. Shi kuwa yana damƙe biro kamar zai kwance ƙusar taya, har takan zolaye shi a hanya ta ce ya tausaya wa takarda, ba ta yi masa laifin komai ba.

Ana cikin haka Malama ta shigo wata rana fuska ba walwala, ta ce hukumar unguwa ta sallami mai raino, wai ba kuɗi. Ta ce ta je gabansu da kanta, ta yi musu bayanin cewa duk uwar da ta iya karatu za ta samu aiki mai tsoka, ta biya haraji, ta bar layin tallafi, kuma abin da suke ba mai raino bai taka kara ya karya ba. Sun saurare ta da kyau, sun gode, sun ce za su duba baɗi.

Yaran ba su isa a bar su su kaɗai ba, kuma ba kaka ba gwaggo a kusa. Dole ɗayansu ya zauna gida. A kicin suka yi maganar, tana yanka albasa, yana jingine da ƙofa. Ya ce idan ya samu lasisi albashinsa zai ɗauke gidan gaba ɗaya, har su bar wannan ɗakin da bango ke tsatsafo da ruwa. Ta ce ai ita ce ta fi kusa da gamawa, Malama ma ta faɗa.

"Baban 'Yan Biyu, ka bar ni in ƙarasa, in ya so ni in koya maka a gida."

"To in kin gama, ninkin zani ne zai ƙara kuɗi?"

Sai ta haƙura, ta bar masa ajin.

Dogo ya ci gaba da zuwa, amma daga sito yake wucewa ajin, bayansa a sage. Da ya zauna a ɗakin mai ɗumi sai gyangyaɗi. Takardun da yake dawowa da su ita take ɗauka ta duba, yaro ɗaya a cinya, ɗayan yana jan zaninta. Abin da ta gane ta gane, abin da ba ta gane ba babu wanda za ta tambaya, don shi in ta tambaye shi sai ya ce ranar bai ji sosai ba.

Sai ga shi mai kula da manyan injinan wanki a wurin aikinta ya bar aiki. Gurbi ne mai kyau, ana zama a kujera, albashin kuma ba a haɗa shi da na ninki. Shugabar sashe, wadda ke yaba hankalinta, ta kira ta ɗakin sinadarai, ta nuna mata wata jarka ta ce ta karanta abin da ke jiki. Ta karanta sunan, ta karanta yawan da ake zubawa. Da ta zo kan jan rubutun gargaɗi sai ta cije. Ta haɗa baƙaƙen, ta sake haɗawa, kalmar ta ƙi fitowa.

Shugabar ta ce ba za ta iya ba ta gurbin ba, don in aka haɗa wannan da na jarkar kusa, hayaƙin zai kwantar da mutane. Ta ce yanzu dole ta ɗauko wani daga kamfanin 'yan kwangila, wanda ya fi tsada kuma bai san zanin otal daga labule ba. Ita ma ranta a ɓace yake. Ta tambaye ta me ya sa ta bar ajin, saura ƙiris fa.

A makon ne Dogo ya zauna jarrabawa. Ya dawo ya cire takalmi, ya zauna a bakin gado bai nemi abinci ba. Ya ce tambayoyin duk ya san amsarsu, da baki aka yi masa da ya cinye, amma kafin ya gama karanta rabi lokaci ya cika. Sai bayan wasu watanni za a bari ya sake.

Ta so ta yi masa faɗa, maganar har ta zo bakinta. Da ta ga yadda hannayensa suka tsattsage sai ta haɗiye, ta shiga kicin ta yi ta buga tukwane.

Washegari ta goya ɗaya, ta ja ɗaya, ta nufi ɗakin karatu. Mai gadi ya tare ta da ladabi ya ce doka ta hana shiga aji da yara. Ta ce za su yi shiru. Ya dubi wanda ke hannunta, wanda ya riga ya fara jan igiyar labule, ya ce ta yi haƙuri.

A bakin ƙofar ta tarar da wasu mata da matsalarsu ɗaya. Ta kawo shawarar su riƙa karɓa-karɓa, wata ta riƙe yara wata ta shiga. Kowa ta ce to, amma da aka zo lissafin lokutan aiki sai abin ya watse: wannan tana shara da yamma, waccan mijinta ba zai yarda ba. Mace ɗaya ta rage, wata 'yar siririya mai yara biyu, wadda ko yarensu ba ɗaya ba. Da hannu da guntun harshen ƙasar suka daidaita: kowacce za ta shiga aji sau ɗaya a mako, ɗayar ta riƙe yara. Dogo ya ce ranar da riƙon ya faɗo kan matarsa zai taya ta da yara huɗun in ya taso da wuri, wanda ba kullum ba ne.

Ranar da ta koma, Malama ta rungume ta, sannan ta gwada ta. 'Yan ajinsu sun yi nisa, ba za ta kamo su da zuwa ɗaya a mako ba. Aka mayar da ita ajin sababbin zuwa, inda ake ta maimaita baƙaƙen da ta wuce tun bara.

"Malama, wannan fa na iya."

"Na sani. Gurbin da ya rage ke nan."

Ta ja kujera ta zauna a layin gaba, ta buɗe jaka ta tarar 'yan biyu sun cire mata biro. Sai da ta ara a wurin wani tsoho da ke gefenta.