Rawanin Malam Sha'aibu

"Ja shi sosai, Muttaka, kak ka ji tausai nai," in ji Inna Kulsumu, tana miƙa masa bakin rawanin.

Muttaka ɗan kabu-kabu ya zagaya rawanin sau biyu, ya ɗaure mijinta a bayansa kamar goyo. Malam Sha'aibu, tsohon malamin Turanci, katanga ɗaya ce ta raba gidansa da na Muttaka a Dauran. Kwana uku ke nan numfashinsa na sarƙewa, ma'aikacin lafiya ya ce in ba a kai shi asibitin Kaura yau ba, sai dai wani ikon Allah. Masu motoci kuwa kowa ya noƙe, don shekaranjiya 'yan bindiga suka tare hanyar.

"Buhun gero ni ke, da za ka ɗaure ni haka? Sakarai!" in ji Malam.

Muttaka ya tada mashin. Ya san bakin nan tun shekara ashirin da suka wuce, ranar da Malam ya rubuta a allo abin da Turawa ke cewa in an yi wa mutum wankin babban bargo, tongue-lashing, ya ce ya karanta. Muttaka ya ce "tangu-lashin". Nan take Malam ya koya masa ma'anar a aikace, gaban 'yan aji, har da ambaton kakansa. Daga ranar bai sake taka makaranta ba, gaisuwa ma daga nesa yake ɗaga hannu. Amma maƙwabci maƙwabci ne, ko bakinsa barkono ne.

Suna barin gari hanya ta zama fayau. Gero ya yi tsawo hagu da dama, har mutum da mashin ɗinsa sa ɓuya ciki, ga hantsi ya dubi ludayi amma babu manomi ko ɗaya. Suka wuce wata mota da aka bari ƙofofi a buɗe, takalmin mace ƙafa ɗaya a kan kwalta. Muttaka ya ƙara wuta.

"Ba ka ganin rami? Idanun ado na kaka yawo da su?"

Karo na farko a rayuwarsa ya ji daɗin zagi. Muddin tsohon na faɗa, da sauran rai.

Can faɗan ya fara raguwa, har ya ɗauke. Tsayawa a nan kuwa ganganci ne. Muttaka ya karkato kai, ya ɗaga murya.

"Malam! Kalman nan da ka koya muna, tangu-lashin ta, ko?"

Sai da suka wuce gonaki biyu ya ji ɗumin numfashi a wuyansa.

"Tang. Ba a hwaɗin sauran haruffan... Shekara ashirin, Muttaka, kanka bai ɗauka ba." Ya yi tari. "Da ka dawo aji. Na yi ta dubin kujerakka."

Muttaka ya ƙanƙame kan mashin, ya ci gaba da tuƙi. Da rufin gidajen Kaura ya fara bayyana ya sake gwadawa, ya lanƙwasa kalmar yadda ta fi muni, sau uku. Kan Malam dai na kwance a kafaɗarsa, kuma ya ƙara nauyi. Muttaka ya rage gudu, ya riƙa kauce wa kowane rami, hawaye na zubo masa.

A ƙofar asibiti wata nas, Ada, ta sa yatsu biyu a wuyan tsohon, ta daɗe, sannan ta janye hannunta, ta girgiza kai. Masu gadi suka matso za su kwance rawanin.

"Sannu-sannu," in ji Muttaka. "Ba shi son jijjiga."

Ya zauna a kan mashin bai motsa ba, yana jira su ɓamɓare yatsun Malam daga aljihun rigarsa, ɗaya bayan ɗaya.