Tazarar Baba

Sakataren sashe ya ɗora rularsa a kan shafin farko na kundin binciken Malama, ya kanne ido ɗaya kamar tela.

"Malama, wannan tazara biyu ce. Bana ɗaya da rabi muke karɓa."

"Ai bara biyu kuka ce."

"Wannan bara ke nan. Ƙarfe huɗu nake rufe ofis. Wanda bai miƙa ba, sai baɗi."

Shekara uku Malama ta yi tana bin rijiyoyin unguwanni da kwalabe, tana auna ruwan da yara ke sha. Sakatare ko taken aikin bai karanta ba. Shi iliminsa a farin da ke tsakanin layuka yake, kuma a wannan fanni babu farfesan da ya kama ƙafarsa.

Ta nufi shagon kwamfuta da ke bakin ƙofar jami'a. Mai shagon, wata mata da cingam a baki, ta ce, "Haba, aikin minti ɗaya!" Ta zaɓi rubutun duka, ta danna ɗaya da rabi. Maimakon layuka su matso, sai suka ƙara watsewa. Shafi casa'in ya koma ɗari da talatin da biyar.

Mai shago ta daina tauna. "Wa ya buga miki wannan?"

"Babana."

"Ikon Allah! Kowane layi sai da ya danna maɓallin sauka sau biyu. Da hannu ya yi tazarar. Tafireta ya saba da ita?"

Shekara talatin Baba ya yi yana buga takardu a ofis kafin ya yi ritaya. Da ya ji za a kai kundin 'yarsa waje a buga, cewa ya yi ba dai yana raye ba. Wata biyu yana zaune a gaban kwamfutarta da tabarau a kan hanci, in ya kai ƙarshen layi sai ya ɗan saurara, kamar mai jiran ƙararrawar tafireta. Haushi da tausayi suka taso wa Malama lokaci guda.

"In na goge su gaba ɗaya, sakin layi da jadawali za su cakuɗe," in ji mai shago. "Jawo kujera, 'yar'uwa."

Suka raba kundin biyu, kowacce da kwamfutarta, suna bi layi-layi suna gogewa. Mai shago na tsaki. Malama kuwa ta ci gaba da gogewa, tana sane da aikin wa take sharewa.

Huɗu saura minti goma ta ajiye sabon kundi a teburin Sakatare, tana haki. Ya auna farko, ya auna tsakiya, ya auna ƙarshe.

"Yauwa! Yanzu kika yi bincike."

Ya buga hatimi, ya cilla kundin kan tulin na bara da ke bayan ƙofa.

Ta tarar da Baba a ƙofar gida, kan kujerarsa, tun daga nesa yake leƙen hannunta.

"Sun karɓa?"

"Sun karɓa, Baba."

"Sun lura da tazarar kuwa? Babu layin da ya fi wani ko da gashi ɗaya."

Ta ƙara tura nata kwafin cikin jaka, ta ja zif.

"Wallahi, Baba, ita kaɗai suka duba."

Baba ya gyara zaman tabarau, fuskarsa ta washe.

"Ai na faɗa miki. Masu ilimi sun san aiki."