Rimot a Hannun Malama

A ɗakin malamai suka ƙulla yarjejeniyar, a tsaye, kusa da tagar nan da ba ta rufuwa sosai. Shi malamin Turanci ne da aka ɗauko daga wata ƙasa mai nisa, yara na ce masa Malam Baƙo. Ita 'yar gari ce, ta daɗe a makarantar, aka haɗa su aji ɗaya don ta riƙa warware wa yara abin da ya shige musu duhu. A bayan idonta Malama Agogo ake ce mata, don ko mai kaɗa ƙararrawa ya makara, ita ba ta makara.

"Fim a cikin aji," in ji ta, tana juya cokali a kofi. "Malam, iyayen yaran nan ba gidan kallo suka turo su ba."

"Na sani, Malama. Amma tun da na zo ni kaɗai nake surutu kamar rediyo. Ba su takarda, su cike miki gurbi tsaf. Ce musu su tambayi hanyar banɗaki da Turanci, sai kowa ya ɗaga kai yana ƙirga ƙusoshin silin."

"Jarrabawa ba ta tambayar hanyar banɗaki."

"To ai ba a ɗakin jarrabawa za su ƙare rayuwarsu ba."

Ta kurɓi shayinta, ta dube shi ta saman tabarau. "Na ba ka ranar Alhamis, darasin ƙarshe. Amma rimot a hannuna zai zauna. Duk inda na ga an bar karatu an koma shagala, sai in tsayar. Kuma gyaran rubutun ajin duka ya koma kanka."

"Na ɗauka. Ga nawa sharaɗin: da zarar an ja labule, ba mai buɗe baki da harshen gida."

"Har ni?"

"Har ke, ranki ya daɗe."

Akwai abin da dukansu suka sani amma ba wanda ya furta. A ƙarshen zango Shugaban makaranta zai tambayi Malama ko a sabunta kwantiragin Baƙo ko a sallame shi. In aka sabunta, za a ba shi gida mai ɗaki biyu da izinin kawo matarsa da 'yarsa, wadda ya baro tana rarrafe. In ba a sabunta ba, sai jirgin komawa gida.

Malam ya fita yana jin ya yi wayo. A ganinsa majigi shi ne babban abu, rimot kuwa ɗan tsurut ne da ake mantawa a ƙarƙashin kujera.

Majigin ya kwaso shi daga sito, ya hure ƙurarsa. Labulayen ajin ba su da kauri, sai ya ƙara musu tsofaffin barguna daga ɗakin jinya na makarantar. Farin allo babu, bango aka samu, inda aka taɓa rataye taswira. Akwai wata tsaga a bangon, siririya, daga ƙusa zuwa ƙasa. Da haske ya sauka a kanta sai ta shige cikin fim ɗin, ta zama kamar igiyar da ta sauko daga sama.

Fim ɗin na wata mata ne mai sayar da tikiti a wata ƙaramar tashar jirgin ruwa. Ƙanenta ya shiga jirgi tun da jimawa, ya ce zai dawo. Kullum da yamma jirgin yakan fito daga cikin hazo a hankali, ita kuma ta leƙo ta tagar rumfarta tana duban masu sauka. Malam ya ce ya zaɓe shi ne don mutanen ciki a hankali suke magana. Gaskiya ne, amma rabin gaskiyar ke nan.

Ga ɗaya rabin. A garin nan duk inda ya bi, ido na kansa. A bas a dube shi, a kanti a ɗaga masa murya kamar kurma. Amma in aka ja labule, shi ma kai ne kawai a cikin kawuna. Yakan zauna a kujerar baya kusa da taga, ƙarar ruwan fim ɗin ta cika ajin, injin majigi na ɗan hura ɗumi. Sai ajin ya fara lilo kamar shi ne jirgin. Wani lokaci yakan hango zanen matarsa a shanye a kan ƙarfen tashar. Wani lokaci cikin masu sauka ya ga wata 'yar mitsitsiyar yarinya tana tafe tana tangaɗi, hannuwa a sama, ya miƙa nasa hannun cikin duhu kafin ya tuna inda yake.

Malama kuwa ba ta zo wasa ba. A gefen allo take tsayawa, rimot a hannu kamar bulala. Da farko duk jimlar da aka faɗa sai ta tsayar, ta rubuta ta, ta feɗe ta gaɓa-gaɓa. Yara su yi tsaki ƙasa-ƙasa. Daga baya ta gano inda abin ya fi yi musu ciwo, ta koma can. Tana so su gaji su ce a bar fim ɗin da kansu.

Wata Alhamis jirgi ya ɓullo daga hazo, ga wani mutum tsaye a gabansa, hula ta rufe masa fuska. Mai tikiti ta miƙe. Malama ta danna. Jirgi ya daskare a bango, tsagar nan ta ratsa ta kafaɗar mutumin.

Wani ɗalibi da ake kira Dogo, sarkin surutun ajin, ya zabura yana ƙorafi da harshen gida. Malama ta nuna masa labule. "Turanci."

Dogo ya yi ta laluben jimlar. Can ya kakaro ta, gurguwa, ƙafa ɗaya a sama: "Malama, mutumin nan... ƙane ne, ko ba ƙane?"

"Ban sani ba. Kai me ka gani?"

"Ƙane ne. Ki sake shi ya sauka, don Allah. Ya gaji da tsayuwa."

Aka yi dariya. Sai wata murya ta fito daga tsakiyar aji, ta wata yarinya da tun farkon shekara ba a taɓa jin ko tarinta ba, har ana ce mata Mai-shiru. Da Turanci ta ce, a hankali, tana neman kowace kalma kamar mai laluben takalmi a duhu: "Ba shi ba ne. Da shi ne, da ya ɗaga mata hannu. Wannan ya ɓoye hannunsa a aljihu."

Aji ya kaure. Masu cewa shi ne, masu cewa kunya ce ta hana shi ɗaga hannu don ya dawo ba ko sisi. Duka da Turanci, karyayye, amma yana tafiya. Har aka tashi jirgin bai motsa ba.

A nan ne Malam ya yi kuskurensa. Da ɗan kasuwa ne, da ya ja bakinsa ya yi shiru, ya bar sirrin a aljihu. Amma malami ba ya iya ganin abu ya yi kyau bai yi bayaninsa ba. A kan matakala ya tare ta.

"Malama, kin ga abin da kika yi? Ba fim ɗin ne ya sa su magana ba. Hannunki ne."

"Ni da nake son in kashe abin?"

"Ai kin kashe shi a inda ya dace. Kada ki ƙara tsayarwa bayan an yi magana. Tsayar kafin a ba da amsa. Kafin a buɗe ƙofa. In kin ga bakin mutum ya buɗe, to nan."

Ta ce shirme ne. Amma Alhamis ta gaba haka ta yi. Ya kuma nuna mata wace waya ke shiga wane rami a bayan majigi, da littafin da ake tokare masa ƙafa don hoton ya miƙe, da yadda ake jefa tambaya a yi shiru a jira, komai daɗewar shirun. Duk ya juye mata, yana jin daɗi, kamar mai aurar da 'ya.

Da yamma a tashar bas ya kira gida yana ba matarsa labari.

"Au, majigi ka je yi a can?" in ji ta. "Ni ina nan ina ce wa mutane mijina malami ne. Da ka faɗa tun farko da na biyo ka ina tsaron ƙofa."

"Za ki zo ai. Shirya akwatinki kawai. Ina uwata?"

"Ga ta nan ta cire mini murfin tukunya tana gudu da shi. Baban yarinya, gudu fa take yi yanzu."

Ya tsaya riƙe da waya har bas ɗinsa ta zo ta wuce.

Zango ya yi nisa. Ranar wata Alhamis aka wuni ana yayyafi, ruwan waje da na bango suka haɗu suka zama ɗaya. Mai tikiti ta rufe rumfarta, ta zauna a bakin tasha ta tsoma ƙafafunta a ruwa, tana ba wani tsohon matuƙi labarin yadda take goya ƙanenta suna yara. Nan ne wurin tsayarwa, kowa ya sani. Dogo har ya juya yana jira. Malama ba ta danna ba. Tana tsaye rimot a hannu, jirgi ɗaya a kowane gilashin tabaranta, tana kallo kamar wadda aka kira sunanta daga nesa. Aka kaɗa ƙararrawar tashi. Malama Agogo ba ta ji ba.

Sai da Mai-shiru ta ce, "Malama, ki tsayar mana, muna da magana," sannan ta farka, ta danna, ta share ido da bayan hannu ta ce hasken ne ya yi mata yawa. Muhawara ta ɓarke, ba wanda ya taɓa jakarsa.

Shugaba ya ga duk azuzuwa sun fita ban da ɗaya, ya zo ya tura ƙofa a hankali. Abin da ya gani ke nan: yara suna ta musu da Turanci, Malama a gaba tana nuna wannan tana dakatar da wancan, shi kuwa baƙon da aka ɗauko daga uwa duniya yana can baya, ya jingina kai da bargo, ido a rufe, yana murmushi. A lokacin, a mafarkinsa, yana tsaye ne a bakin ruwa, 'yarsa na gudu zuwa gare shi da murfin tukunya.

Da lokacin tambaya ya zo, Malama ba ta yi masa ƙeta ba. A gabansa ma aka yi, a ofis. Ta ce ta yi kuskure da farko, fim ɗin ya yi aiki, yaran sun buɗe baki, kuma dabarar Malam ce daga tushe.

Shugaba ya gyaɗa kai. "Wa ke danna abin?"

"Ni ce, ranka ya daɗe."

"Wa ke yi musu tambayoyin?"

"Yanzu dai... ni ce. Amma shi ya koya mini."

"Madalla. Ya koyar da kyau." Ya juya ga Malam da fara'a ta gaskiya. "Malam, ka bar mana abin da ba za mu manta ba."

Da jin an fara yabonsa haka, Malam ya san jirgin komawa gida ne.

Malama ta yi ta ja, har muryarta ta tashi, abin da ba a saba ji ba. Shugaba ya ce dabara ta riga ta zauna a makaranta, kuma dabara ba ta neman gida mai ɗaki biyu.

Ranar da yake kwashe tarkacensa daga ɗakin malamai ta zo ta tsaya kusa da tagar nan, ta ajiye rimot a kan teburinsa.

"Na makaranta ne," ya ce, ya tura mata. "Ki dai riƙa cire batirin in za a yi hutu."

Ta ɗauka, tana jujjuya shi. "Malam, ƙanen nan. Ya dawo?"

"Ba ki kalla ba? Ai abin na hannunki."

"Na kasa. Ina jira mu gani tare da yara."

"To ni ma ban sani ba. Ban taɓa kaiwa ƙarshensa ido biyu ba."

Ta yi dariya, ta sa rimot ɗin a jaka.

In an zo rabon riba, Shugaba ya fi kowa, don ya sami Turanci a bakin yara ba tare da baƙo ba. Yara sun samu, Mai-shiru har sai an ce ta yi shiru. Malama ta sami ranar Alhamis da suna a gari, abin da ta rasa kaɗan ne: yanzu takan makara. Asara ta faɗa kan Malam, shi da ya ci gardamar, da matarsa da ta kwance akwatin da ta ɗaure. 'Yarsa ce ba a san inda za a sa ta a lissafin ba. Ranar da ya sauka gida ta ɓuya a bayan zanen uwarta tana leƙen baƙon, shi kuma ya tsaya a bakin ƙofa, ya ɗaga mata hannu, yana jira.